Kuɗin Jami'a: Siminti Ya Ƙoshi, Ɗalibi Na Jin Yunwa



Makon jiya an kira mu taron masu ruwa da tsaki na jam'iyya, wai a tattara buƙatun da za a miƙa wa wakilanmu na majalisar jiha kafin a shiga zaman kasafin kuɗi. Da aka zo kan ilimi mai zurfi, sai na ɗauki biro ina rubuta abin da manya ke lissafowa. Sabuwar ƙofar shiga jami'a mai kwalliya. Sabon ofishin shugaban jami'a. Katanga. Babban ɗakin taro. Wani kuma ya ce a roƙa a kawo reshen jami'ar ƙaramar hukumarsu. Kowanne aka faɗa sai tafi raf-raf-raf.

Na ɗaga hannu na ce, ranku ya daɗe, duk abin da aka lissafa na ɗan kwangila ne, ban ji na ɗalibi ba. Na ce a ware wani kaso na kuɗin jami'ar jiha domin ayyukan da ɗalibai daga sassa daban-daban za su haɗu su yi da hannunsu a kan matsalolin garuruwanmu, a ba su maki a kai. Ban rufe baki ba wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Ɗana, maganar jami'a a bar wa masu digiri. Kai difloma gare ka." Aka kwashe da dariya. Na ce, "Baba, na gode," na zauna, don ba a yi mini tarbiyyar mayar wa babba magana cikin taro ba. Amma maganar ba ta mutu ba. Ga ta nan na kawo muku, ku yi mana alƙalanci.

Bari in fara da abin da nake nufi, don kada a ce ina kame-kame. A ɗauko ɗalibin injiniya, ɗalibin noma, ɗalibar kimiyyar abinci, ɗalibin lissafin kuɗi, da ɗalibar aikin jarida, a haɗa su rukuni ɗaya ƙarƙashin malamai biyu ko uku daga sassansu. A ba su matsala ɗaya ta gaske, misali tumatirin da ke ruɓewa a hannun manomi. A ba su zangon karatu guda da kuɗin kayan aiki da na mota. Su je su gani, su auna, su ƙera, su gwada, abin ya ƙi, su sake. A ƙarshe su tsaya gaban malamansu da gaban manoman su nuna abin da suka yi, makin ya shiga sakamakonsu kamar kowane kwas. Wannan ke nan. Ba wani tsafi a ciki. Abin da yake buƙata shi ne kuɗi da tsari, kuma su ne ba a bayarwa.

Ni na yi furojet, na san yadda ake yinsa. A shekararmu ta ƙarshe aka raba mana batutuwa a takarda. Kayan gwajin da nake buƙata suna kulle a sito, wanda ke da makulli an ce ya tafi ƙaro karatu, injin da ke ɗakin aiki kuma ya mutu tun kafin a ɗauke mu. Ko sisin kwabo makaranta ba ta ba ni ba. Mahaifiyata ce ta sayar da akuya ta haɗa mini kuɗin buga takarda da ɗinke ta da baƙin bango. Da yawa daga cikin abokan karatuna shagon kwamfuta da ke bakin ƙofar makaranta suka je, aka buɗe musu tsohon furojet na wani, aka canza suna da shekara da sunan gari, aka buga. Malami ɗaya yana duba mutum talatin ko fiye, yaushe zai karanta? Ya sa hannu, an wuce wurin. Bayan shekaru ƙanena ya shiga jami'a, ya yi digiri, na zaci nasu daban ne. Wallahi labarin ɗaya ne, illa dai kuɗin bugawar ya ninka.

Ina waɗannan kundaye suke ƙarewa? Kowa ya sani. A jibge su a wani ɗaki a sashe, gara ta ci rabonta, ranar da aka buƙaci ɗakin a kwashe. Wasu kuma ka gan su an ƙunshe maka ƙosai ko tsire a ciki. Dubban ɗalibai kowace shekara, kowanne ya ɓata wata shida, iyaye sun zuba kuɗi, amma unguwar da ke jikin katangar jami'ar ba ta taɓa amfana da shafi ɗaya ba.

To wai babu kuɗin ne? Mu bi sawun kuɗin mu gani. Bayan yajin aikin ASUU na 1992, lokacin Attahiru Jega yana shugabanta, gwamnatin soja ta kafa asusun ilimi a 1993, aka ɗora wa kamfanoni harajin kaso 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka sake dokar, asusun ya koma TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati, na tarayya da na jihohi. Rabon kuwa kashi biyu na jami'o'i, kashi ɗaya na kwalejojin kimiyya da fasaha, kashi ɗaya na kwalejojin ilimi. An ɗaga harajin zuwa kaso 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kaso 3 a 2023. Da aka kawo ƙudirin gyaran haraji a ƙarshen 2024 da niyyar a riƙa zaftare kason TETFund har ya ɓace a 2030, malamai da jama'a suka yi caa, aka janye wannan ɓangaren. Ni ma ina cikin waɗanda suka ɗaga murya, kuma ban yi nadama ba.

Gaskiya ɗaya ce, ba don TETFund ba da jami'o'inmu da yawa sun zama kufai. Ka shiga kowace jami'ar gwamnati ka duba sababbin gine-gine, yawancinsu tambarin asusun ne a jiki, har da waɗanda gwamnoni ke ɗaukar hoto a gabansu kamar daga aljihun jiha suka fito. Asusun yana tura malamai ƙaro karatu, yana biyan kuɗin zuwa taron ƙara wa juna sani, yana sayen littattafai, yana ba da kuɗin bincike, har yana ƙarfafa malamai daga fannoni daban-daban su haɗu su nema. Duk na yarda. Amma ku lura da kyau: wancan na gini ne, wannan na malami ne. Yaron da ke aji uku, wanda saboda shi aka yi ginin aka ɗauki malamin, wane kuɗi ne ke isa hannunsa don ya taɓa ƙarfe, ya auna ruwa, ya shiga kasuwa ya yi tambaya? An yi tuya an manta da albasa.

Kuma ba mantuwa ce ta tsautsayi ba. Mu 'yan siyasa ne, kada mu yaudari juna. Gini yana da kwangila, kwangila tana da kaso. Gini yana da ranar yanke ƙyalle, da makaɗa, da allon da za a rubuta sunan mai girma. Ana iya ɗaukar hotonsa a sa a fasta. Amma ɗalibai goma da suka yi wata huɗu suna gyara yadda ake busar da tumatir, wa zai ci kaso a kansu? Wa zai yanke musu ƙyalle? Shi ya sa duk wanda ya samu dama sai ya nemi sabuwar jami'a a garinsu, ko da babu malaman da za su koyar. Abin ya kai ga gwamnatin tarayya da kanta, a watan Agustan 2025, ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara bakwai. Wanda ke rabon ya ce ya isa haka, mu kuma a taronmu muna ta roƙon ƙari.

A cikin jami'ar ma akwai katangu da ba a gani. Kuɗin gudanarwa sashe-sashe ake raba shi. Kwas na sashe ne, makinsa na sashe ne, ɗakin gwaji na sashe ne, makullinsa yana aljihun shugaban sashe. Malamin injiniya da ya ɓata lokacinsa yana duba aikin ɗalibin noma, ba a lissafa masa shi a cikin nauyin aikinsa. Ranar ƙarin girma takardun da ya wallafa a mujallu za a ƙirga, ba wanda zai tambaye shi ɗalibai nawa ya kai gona. To don me zai wahalar da kansa? Ba na zargin malami a nan. Mutum yana bin inda abincinsa yake. Tsarin ne aka gina shi yadda ɗalibin likitanci da ɗalibin injiniya za su shekara biyar suna sallah a masallaci ɗaya, suna cin abinci wurin mai shayi ɗaya, amma ba su taɓa zama a kan tebur ɗaya don warware matsala ɗaya ba.

Alhali matsala ba ta san sashe ba. Ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. Yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sama da 400, har likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma ce. Daga ina? Daga duwatsun zinare da ake kawowa cikin gida ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Likita zai iya ba da maganin da ke fitar da gubar daga jini, amma idan yaron ya koma tsakar gidan nan an yi aikin banza. Dole sai da aka kawo injiniyoyin muhalli suka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Dole sai da aka san dutsen da ke ɗauke da dalmar, wannan aikin masanin ma'adinai ne. Dole sai da aka shawo kan magidanta su fitar da niƙan daga gida, wannan kuma sai da hakimai da limamai da wanda ya san yadda ake magana da mutane. Kuma mutumin da zinaren nan ne abincinsa ba za ka ce masa ya daina kawai ba, sai ka san tattalin arzikinsa. Garin Bagega sai 2013 aka tsabtace shi saboda jinkirin sakin kuɗi. Ku faɗa mini, wane sashe ɗaya ne a jami'a zai iya wannan aikin shi kaɗai? Kuma a wane aji muke koya wa yaranmu yin aiki irin wannan tare?

Ko mu dawo kan tumatirin. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya lokacin kakarsa ya ga yadda yake a Kwanar Gafan da Kadawa. Kwando ya faɗi warwas, manomi ya rasa mai saye, wani ya yanka ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa cikin ƙura, wanda aka loda zuwa Legas kuma na ƙasan kwandon ya dame kafin a isa. Bayan 'yan watanni kuma uwargida ta kasa sayen na miya. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonaki, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Dangote da aka buɗe a Kadawa a shekarar ta tsaya don babu abin niƙawa. A cikin wannan labari ɗaya akwai aikin masanin ƙwari, da mai ƙera na'urar busarwa, da mai tsara mazubin da ba ya matse kaya, da mai lissafin farashi, da lauyan da zai rubuta yarjejeniya tsakanin manomi da kamfani. Duk muna yaye su kowace shekara. Ba mu taɓa haɗa su ba ne.

Tunda an ce a bar maganar wa masu digiri, bari in kawo muku ɗan kwalejin kimiyya da fasaha. Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a kwalejin jihar Jigawa da ke Dutse, harkar kasuwanci yake koyarwa, kuma ya tashi a gidan da aka san ginin tukwane. Ya ɗauki tukunyar ƙasa ƙarama ya sa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsotsewa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafin, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Gautan da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. Babu lantarki, babu janareta. Da kuɗin aljihunsa ya fara sa magina su gina masa dubbai yana rabawa a ƙauyuka. Da ya ga mutane ba su gane ba, sai ya sa aka shirya wasan kwaikwayo aka ɗauka a bidiyo ana nunawa da daddare. A 2000 aka ba shi kyautar Rolex, a 2001 mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar. Ku ƙirga fannonin da ke cikin tukunyar nan: kimiyyar zafi da sanyi, ginin tukwane, kasuwanci, wasan kwaikwayo. Mutum ɗaya ya haɗa su da albashinsa. Tambayata ita ce, Bah Abba nawa ne ke zaune yanzu a azuzuwanmu suna haddace handawut, don babu wanda zai ba su kuɗin yashi da tukunya?

Kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne, ba zai yiwu a nan ba. Ga Tamale nan a arewacin Gana, inda 'yan uwanmu Hausawa ke zaune a zango tun kaka da kakanni. A 1992 gwamnatin Rawlings ta kafa jami'ar UDS a can, don nazarin ci gaban al'umma. Shekarar karatunsu zango uku ce, kuma na ukun ba a aji ake yinsa ba. Ana haɗa ɗalibai daga tsangayoyi daban-daban rukuni-rukuni, a tura su ƙauye su zauna na makonni tare da mutanen garin. Su ƙirga gidaje, su duba rijiyoyi da gonaki da makaranta da asibiti, su zauna da sarki da mata da matasa, su rubuta halin da garin ke ciki da abin da za a iya yi. Malamai su bi su can su duba, a ba da maki. Arewacin Gana bai fi mu kuɗi ba, ƙasarsu irin tamu ce, rani irin namu. Sun dai yanke shawara ne tun ranar farko cewa wannan yana cikin karatu, suka sa shi a jadawali da kasafi.

A Turai ma akwai jami'ar Aalborg ta ƙasar Denmak, wadda tun kafa ta a 1974 kusan rabin lokacin ɗalibi a aikin rukuni yake tafiya, kowane zango da matsalar da za a warware. A nan gida kuma ƙofa a buɗe take. Sabon tsarin manhajar da hukumar NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya tsayar da kaso 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kaso 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Wato doka ba ta hana ba. Jami'a za ta iya zuba irin wannan aiki a cikin kaso 30 ɗin nan gobe. Amma in babu kuɗin mota da na kayan aiki, abin da za a cika wurin da shi sai ƙarin lakca da ƙarin handawut.

Nawa ne kuɗin? Ga lissafina, wanda ya fi ni iya lissafi ya gyara. Rukuni ɗaya na ɗalibai 10, a ba su naira miliyan 1 na kayan aiki da zirga-zirga da ɗan alawus na malaman da ke duba su. Rukuni 100 ya zama naira miliyan 100, ɗalibai 1,000 ke nan a shekara. A 2023 da aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, jaridu sun ruwaito kuɗin kowace ɗaya ya haura naira miliyan 100. Mota ɗaya, ɗalibai dubu. Ku ajiye wannan a ranku duk ranar da wani ya ce muku babu kuɗi.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini wasu a bakin ƙofa bayan taron.

An ce yara suna zaune a taga suna ɗaukar lakca, ɗakin kwana mutum goma, kai kana maganar furojet. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce a daina gina aji da ɗakin kwana da banɗaki ba. Amma a jerin da aka karanta a taronmu babu aji, babu ɗakin kwana. Ƙofa ce da katanga da ofis. A cire kwalliyar ƙofar kawai, kuɗin da nake magana ya fito.

An ce za a cinye kuɗin. To na ginin ba a ci? Gini nawa muka gani an yi fenti, damina ɗaya ta tona asiri? Idan tsoron ɓarawo zai hana a ware kuɗi, sai a rufe baitulmali gaba ɗaya. Hasali ma kuɗin da aka raba ƙanana ga rukuni ɗari, kowanne da ɗalibai goma da suka san nawa aka ba su kuma makinsu ya rataya a kai, ya fi wahalar sata a kan kwangila ɗaya da mutum uku suka sa wa hannu a ofis. Ido dubu biyu ne a kan kuɗin.

An ce jami'a ba garejin kanikanci ba ce, wurin zurfafa tunani ne. Na yarda ƙwarai, kuma ba na raina ilimin littafi. Wanda bai san lissafin zafi ba ba zai ƙera na'urar busarwa mai kyau ba. Amma likita fa? Shekara nawa yake yi a asibitin koyarwa yana bin gadon marasa lafiya kafin a ba shi shaida? Wa ya taɓa cewa wannan ya rage wa likitanci daraja? Abin da muka yarda da shi ga likita, me ya sa muke ƙyashinsa ga injiniya da masanin tattalin arziki? Wasu za su ce ai akwai SIWES. Akwai, tun shekarun 1970. Amma a can ɗalibi shi kaɗai yake tafiya, a fanninsa kaɗai, kuma mun san da yawa ƙarshenta aiken sayen abinci ake yi musu a ofis, a sa musu hannu a littafi.

An ce babu tsaro, ba za a tura 'ya'yan mutane ƙauye ba. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan yi wasa da ita ba. Mun ga abin da ya faru da ɗaliban Afaka a 2021 da na jami'ar tarayya ta Gusau a 2023. Ba wanda ya ce a kai yara inda ba a iya kwana. Amma matsala ta ƙare ne a cikin gari? Ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharada. Gobarar kasuwanni da ke cinye dukiya kusan kowace shekara. Magudanun da ke toshewa duk damina. Sharar leda. Cunkoson asibiti. Maƙeran Panteka a Kaduna da ke ƙera injin niƙa da ido, ba tare da zane ba, waɗanda da za a haɗa su da ɗaliban injiniya da kowa ya ƙaru. Aikin shekara ashirin yana nan tsakanin ƙofar jami'a da tashar mota.

Don haka ga abin da nake so wakilanmu su kai majalisa, kuma ina so matasa su riƙe su a kai.

Na ɗaya, a buɗe layi na musamman a kasafin jami'ar jiha da kwalejojinta domin ayyukan haɗin gwiwar ɗalibai, aƙalla naira 5 cikin kowace 100 ta kuɗin manyan ayyuka, kuma a rubuta cewa ba a karkatar da shi zuwa gini ko sayen mota.

Na biyu, ba a sakin kuɗi sai rukunin ya haɗa aƙalla sassa uku, kuma matsalar ta fito daga wajen jami'a: ƙungiyar manoma, 'yan kasuwa, asibiti, ƙaramar hukuma, ko masu sana'a. Su ne za su zo ranar ƙarshe su ce abin ya yi ko bai yi ba.

Na uku, a buɗe ƙofa ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha da na kwalejin ilimi su shiga rukunin, da maƙeri ko magini ko manomin da ya san aikin, a biya shi haƙƙinsa a matsayin mai koyarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, aikin ya zama kwas mai maki, kuma a lissafa wa malamin da ya duba shi a nauyin aikinsa da ƙarin girmansa. In ba haka ba, takarda ce kawai za ta mutu a durowa.

Na biyar, a liƙa sunan kowane rukuni da kuɗin da ya karɓa a allon sanarwa da shafin jami'a, kuma a ƙarshen shekara a yi baje koli a fili, kowa ya shigo ya gani. Wanda aikinsa ya ƙi ya tsaya ya faɗi dalilin da ya sa ya ƙi, ba laifi ba ne, shi ma ilimi ne. Wanda ya ci kuɗin ne kawai zai amsa tambaya.

Na shida, 'yan majalisarmu na tarayya su nemi TETFund ta buɗe irin wannan layi ga duk makarantun da take tallafawa, ta kuma ƙara wa jihar da ta fara zuba nata.

Ga iyayenmu malaman jami'a kuma, da girmamawa nake magana. Kun yi yajin aikin wata tara a 2020, kun yi na wata takwas a 2022, ƙannenmu suka zauna a gida har wasu suka yi aure, wasu suka watsar da karatun. Mun san abin da ya kai ku, kuma mun san asusun da ake tinƙaho da shi yau guminku ne. Roƙona shi ne idan kun zauna teburin sulhu na gaba, ku sa kuɗin aikin ɗalibi a jerin buƙatunku. Ranar da mai kayan miya da maƙeri suka ga abin da jami'a ta yi musu da idonsu, ba sai kun roƙi jama'a su goya muku baya ba.

Matasa, wannan maganar tamu ce. Mu ne muke yawo da kwali a leda daga ofis zuwa ofis ana tambayarmu me muka iya, mu yi shiru. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku ya ce zai gina ƙofar jami'a, ku ce masa an gode, sannan ku tambaye shi nawa ya ware wa yaran da za su bi ta ƙofar. In ya fara inda-inda kun san amsa.

Shi kuma Baba da ya tuna mini difloma gare ni, ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa. Difloma gare ni, kuma akuyar mahaifiyata ce ta biya kuɗin kundin da ba wanda ya karanta. Jikokinsa suna jami'a yanzu. Ina roƙonsa ya kira ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi, tun da ya shiga, me ya taɓa yi da hannunsa tare da ɗan wani sashe. Amsar da ya samu ita zan karɓa a matsayin hukunci tsakanina da shi.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon jin gaskiya ko daga bakin yaro ta fito. Allah Ya sa mu dace.